Kwalejin Al'umma: Ƙaramar Ƙofar da Wasu Likitocin Amurka Suka Bi

A nan gida, ɗalibin da ke burin zama likita ya san hanyarsa tun yana aji huɗu na sakandare. Ya shiga ajin kimiyya, ya ci WAEC ko NECO, ya zauna JAMB da Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. In Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya samu gurbi, sai ya wuce jami'a kai tsaye, bayan shekara shida ya fito da MBBS. Da yake mun saba da wannan tsari, da yawa cikinmu mun ɗauka haka abin yake a ko'ina.

A Amurka da sauran tafiya. In ban da wasu 'yan tsirarun shirye-shirye, ba a fita daga sakandare a faɗa makarantar likitanci. Sai an fara yin digirin farko na shekara huɗu, a kowane fanni mutum ya ga dama, ko da tarihi ne, sannan a nemi shiga makarantar likitanci ta wata shekara huɗun. Bayan nan akwai horon ƙwarewa a asibiti, shekara uku zuwa bakwai. Amma ko me ɗalibi ya karanta a digirinsa, akwai darussan share fage da yawancin makarantun likitanci ke nema: shekara guda ta Bayoloji, shekara guda ta Kemistiri, shekara guda ta Fiziks, da shekara guda ta Oganik, wato Kemistirin sinadaran da ke ɗauke da kabon, kowanne haɗe da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wasu kan ƙara da Bayokemistiri, lissafi da Turanci. Sai kuma jarrabawar MCAT, wadda ake shafe kusan awa bakwai da rabi ana yi.

Tambayar da ke hana ɗalibai da yawa barci a can ita ce: a ina za a yi waɗannan darussa? Kuɗi ne ya kawo tambayar. Baya ga jami'o'i, Amurka na da wasu makarantu na shekara biyu da ake kira kwaminiti kwaleji, mu kuma za mu kira su kwalejin al'umma. Wadda ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, an buɗe ta a 1901. Kusan duk wanda ya gama sakandare suna ɗaukarsa, akwai ajin dare saboda masu aiki, kuma galibi ɗalibi daga gidansu yake zuwa. A 'yan shekarun nan, matsakaicin kuɗin karatu na shekara ga ɗan yanki ya kai wajen dala 4,000. Jami'ar gwamnati tana karɓar fiye da dala 11,000 daga ɗan jiha, masu zaman kansu kuwa sun haura 40,000. A Kaliforniya, ɗan jiha na biyan dala 46 kan kowane yunit, ke nan darasin Kemistiri mai yunit biyar zai tashi dala 230. Ga ɗan direban tasi ko 'yar mai aikin shara, wannan bambanci shi ne tsakanin yin karatu da haƙura da shi. In ya kammala shekara biyun, sai ya koma jami'a da makinsa ya ƙarasa digiri. Masu tuna yadda IJMB ke kai mutum aji biyu a jami'a za su gane hoton, ko da yake ba abu ɗaya ba ne.

To, amma Bahaushe ya ce araha ba ta ado. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa masu tantance ɗalibai a makarantun likitanci suna yi wa makin kwalejin al'umma kallon hadarin kaji, wai darussan sun fi sauƙi, wai A ɗin can ba ta kai A ɗin jami'a ba. Maganar ba ta rasa tushe ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Academic Medicine a 2014 ya duba waɗanda suka nemi shiga a 2012, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ɗauka sun taɓa zama a kwalejin al'umma. Ya kuma gano waɗanda suka fara karatunsu daga can ba su kai sauran samun karɓuwa ba, ko bayan an yi la'akari da makinsu. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, su ɗin ne suka fi nuna niyyar yin aiki a yankunan talakawa da ke fama da ƙarancin likitoci. Wato waɗanda aka fi buƙata su ne ƙofar ta fi yi wa ƙunci.

A yau yawancin makarantun suna karɓar waɗannan darussa, wasu ba tare da sharaɗi ba, wasu kuma sai sun duba kowane mai nema da labarinsa. Ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, AAMC, tana da kundi mai suna MSAR inda ake ganin matsayin kowace makaranta. Mai hankali yakan leƙa kundin kafin ya biya ko sisi.

Labarin da takardar sakamako ke bayarwa shi ne abin lura. Mu ɗauki ɗalibai biyu. Ta farko ta fara daga kwalejin al'umma saboda kuɗi, ta ci Bayoloji da Kemistiri, ta koma jami'a ta ɗauki manyan darussa irin su Bayokemistiri da ilimin gadon halitta, nan ma ta ci, MCAT ɗinta ya yi kyau. Wannan ta rufe bakin kowa. Na biyun yana jami'a tun farko, amma da ya ji ana tsoron malamin Oganik, sai ya lallaɓa kwalejin unguwarsu lokacin dogon hutu ya yi darasin a can. Doka ba ta hana ba, sai dai masu tantancewa ba yara ba ne, suna iya fassara shi da gudun wahala. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara kan ce a bar wasu daga cikin darussan kimiyya masu nauyi sai an koma jami'a.

Akwai kuma tarkon da ya fi shafar 'yan shekarunku. Ɗaliban sakandare da yawa a Amurka kan ɗauki darasi ɗaya ko biyu a kwalejin al'umma tun kafin su gama makaranta. Hukumar karɓar takardun neman shiga likitanci, AMCAS, tana lissafa kowane darasin kwaleji da mutum ya taɓa yi. In yaro ɗan shekara goma sha shida ya yi wasa ya samu C, wannan C tana nan tana jiransa ranar da zai nemi gurbi yana ɗan ashirin da biyu. Ko ya maimaita darasin ya ci A, duka biyun za a haɗa. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka ya haura 3.7 cikin 4.0, a MCAT kuma wajen 511 cikin 528, sannan cikin masu nema goma, kimanin huɗu ne ke shiga. A irin wannan tsere, C ɗaya tana da nauyi.

Mun san wani a cikinku ya riga ya fara lissafin dala 4,000 da naira. A dakata tukuna. Wannan farashi na 'yan ƙasa ne mazauna yankin. Baƙo mai bizar karatu yana biyan fiye da haka nesa ba kusa ba, ga haya, ga abinci, ga inshorar lafiya. Babban shingen ma yana gaba: ba kowace makarantar likitanci ke ɗaukar baƙi ba, masu ɗaukar ma kaɗan suke ɗiba, baƙo ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayya, wasu makarantun kuma sai ya nuna ko ya ajiye kuɗin shekara guda har zuwa huɗu kafin ya zauna a aji. Ana iya cin kowane darasi da A a ƙare a bakin wannan ƙofa.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka ba a can suka yi makarantar likitanci ba. 'Yan Nijeriya da dama cikinsu sun yi MBBS ɗinsu ne a gida, a Zariya, Ibadan, Kano ko Maiduguri, sannan suka zauna jarrabawar USMLE, suka samu shaidar hukumar ECFMG, suka nemi gurbin horon ƙwarewa a asibitocin can. Wannan hanyar kuwa daga Bayoloji, Kemistiri da Fiziks ɗin da ke cikin jakarku yanzu take farawa.