Karatun gaba da digiri da ya haɗa bishara da sana'a

A wasu jami'o'in Kirista na Amurka akwai digiri na biyu da ke haɗa abu biyu: yadda mai bi zai zauna da mutanen da ba addininsu ɗaya ba, da yadda zai kafa sana'ar da ribarta ke komawa ga jama'a. Ɗalibi yana karanta tauhidi da al'adu, yana kuma koyon lissafin kuɗi da neman jari.

Ga mutumin Tawa da arewacin Adar, misali mafi kusa na irin wannan zaman tare yana kudu, a Galmi, garin albasa. Mishan ɗin SIM ne ya buɗe asibitin garin a 1950. Can ƙungiyar PAACS take horar da likitoci Kiristoci 'yan Afirka a kan aikin tiyata, na tsawon shekara 5 bayan digirinsu, tare da nazarin Littafi Mai Tsarki. Yawancin majinyata kuwa Musulmi ne, Hausawa da Buzaye da Fulani. Darasin zaman tare ke nan, ba a kan allo ba, a bakin gadon mara lafiya.

Ta fuskar sana'a, sai a dubi Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ke aiki da SIM, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture ya girma maimakon su sare shi. Itacen girki da abincin dabbobi suka zama abin kaiwa kasuwa. Aikin nan ya sa aka ba shi kyautar Right Livelihood a 2018.