Wasan Kwaikwayo na Unguwa: Wa Zai Riƙe Shi?

Duk wanda ya girma a Damagaram ko Maraɗi ya san yadda dandali yake cika bayan sallar isha'i idan 'yan wasan kwaikwayo suka fito. Kayan aikinsu kaɗan ne: tabarma, fitila, tsohuwar riga da rawani. Amma da su suke tona asirin ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da ma'aikaci mai cin hanci, da uban da ke fid da ɗiyarsa daga lakwal don ya yi mata auren dole.

Bayan hawan Seyni Kunce mulki a 1974, gwamnati ta raya Samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. A zamanin nan ne Yazi Dogo, malamin makaranta, da abokansa suka yi suna a rediyo da talabijin. Sai dai Samariya tana hannun hukuma, akwai iyakar da baki ba ya ƙetarewa.

Daga baya ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu suka karɓi aikin, kamar Arène Théâtre ta Alfred Dogbé a Yamai, wanda ya rasu a 2012. Babbar matsalar irin waɗannan ƙungiyoyi kuɗi ne. Sau da yawa ƙungiyar waje ke biya, ita kuma ke zaɓen maganar da za a yi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka, in muna son 'yan wasa su faɗi damuwar unguwa, wajibi ne unguwa ta ba su fili, ta kuma sa hannu cikin aljihu. Allah shi taimake mu, amin.