Kan Jirgin Dizal A Tafin Hannu

Jama'a, a Ingila da Jamus da Amurka akwai magidanta masu tara 'yan ƙananan kawunan jirgin ƙasa na dizal, suna shimfiɗa musu dogo a cikin ɗaki. Kada mu ɗauka wasan yara ne, gama lissafi ne tsantsa.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, watau a rage kowane sashe na jirgi sau 87. Kan jirgi mai tsawon ƙafa 58 sai ya koma inci 8, dogo mai faɗin milimita 1,435 ya koma 16.5. Babban jirgi man dizal yake ƙonawa ya sami lantarkin da ke juya ƙafafunsa, ƙaramin kuwa daga dogo yake shan nasa.

Mutanen Ingila suka zaɓi ma'aunin OO, sau 76, domin injin lantarki na farko ya yi wa 'yan jiragensu girma. Amma suka bar dogon a 16.5, alhali in mun buga lissafi kusan 19 ya kamata. Har yau jiragensu bisa dogon da ya yi musu ƙunci suke tafiya. Ashe kuskuren awo, in ya zauna, tayar da shi sai an sha wuya.