Ba kowane takunkumi ne ke kare huhun ma'aikaci ba

Tun daga annobar korona ta 2020 takunkumi ya zama abin da kowa ya sani, har da yawa daga masu fasa dutse, masu injin niƙa da masu fentin mota suka ɗauka cewa shuɗin takunkumin asibiti ya wadatar da su a bakin aiki. Alhali an ƙera shi ne don tare yawu da majina. Ba ya manne wa fuska, saboda haka ƙura mai laushi na kutsawa ta gefensa.

Abin da ya fi haɗari shi ne ƙurar da ido ba ya gani. Ƙurar silika, wadda ke tashi idan ana fasa dutse ko yanka kankare da tayil, tana kwanciya a huhu ta bar tabo. Wannan cuta, silikosis, ba ta warkewa, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Sau da yawa sai bayan shekaru take bayyana, lokacin da aikin gama ya gama.

Don haka kafin sayen takunkumi sai a fara sanin abin da ke cikin iskar wurin aikin. Idan ƙura ce ta dutse, siminti, katako ko hatsi, ana buƙatar takunkumi mai tace iska. Mai lambar N95, bisa ma'aunin Amurka, yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura. A ma'aunin Turai, FFP2 na tace kashi 94, FFP3 kuma kashi 99, kuma shi ya fi dacewa da mai aikin dutse.

Idan tururin fenti ne ko na tina, waɗannan duka ba su da amfani, domin tururi na ratsa su. A nan sai takunkumin roba mai gwangwanin gawayi a gefe, wanda ke tsotse tururin. Alamarsa launin ruwan ƙasa da harafin A a tsarin Turai, ko baƙi a tsarin Amurka. Fentin mota da ake haɗawa da sinadarin busarwa kuwa yana jawo asma, kuma feshinsa na buƙatar takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo.

Haɗari na uku na cikin rijiya, masai da tankin mai. Babu takunkumi mai tacewa da ke samar da oksijin. Idan oksijin ya gaza kashi 19.5 cikin 100, ko iska mai guba ta taru, mai shiga da N95 daidai yake da wanda ya shiga hanci a buɗe. Dole a auna iskar, a hura sabuwa, a kuma ajiye mutum a bakin ramin.

Ko takunkumin ya dace, sai ya zauna daram a fuska. Duk lokacin da aka sa shi, a rufe shi da tafin hannu a fitar da numfashi. Idan iska ta tsere ta gefen hanci, a gyara maɗaurinsa. Gemu na hana shi mannewa, don haka mai gemu ya nemi nau'in da ke rufe kai gaba ɗaya, wanda ƙaramar fanka ke turo masa tatacciyar iska. A jefar da takunkumin ƙura idan ya jiƙe, ya yage ko numfashi ya yi nauyi. Gwangwanin gawayi kuma a riƙa sauya shi a kan kari, kada a jira sai an ji wari, a ajiye shi a leda a ɗaure bayan an tashi.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa masu masana'antu alhakin hana ma'aikata shaƙar ƙura da hayaƙi masu cutarwa, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya kan cututtukan da aiki ke haifarwa, ta hannun hukumar NSITF. Yayyafa ruwa a wurin yanka, da buɗe hanyar iska, su ne matakin farko. Takunkumi na zuwa ne bayansu, domin tare ƙurar da ta rage.