Gaskiya ko Jita-jita: "Shiga Shafina In Shiga Naka" Yana Kawo Kasuwa?

Duk wanda yake cikin guruf-guruf ɗin WhatsApp na matasan Gwarzo da Kabo ya san irin saƙon. "A yi mini folo in mayar." "Ga linki nan, a shiga a ɗan jima a ciki, ni ma zan shiga na kowa." Can kuma sai ga wani yana tallan mabiya 1,000 a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Tun da kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a Facebook a 2024, kowa ya ɗaura ɗamarar tara lamba, daga mai wasan barkwanci har mai sayar da atamfa. Abin da ake faɗa a kan wannan harka yana da yawa, kuma ba dukansa ne ƙarya ba. Sai dai inda gaskiyar take, ba nan ake nunawa ba.

Dabarar ta girmi yawancin masu yin ta. A 1996 wasu matasa biyu a Amurka, Tony Hsieh da Sanjay Madan, suka kafa LinkExchange. Sharaɗin mai sauƙi ne: ka nuna tallan wasu sau biyu a shafinka, a nuna naka sau ɗaya a shafin wani. To ina ɗayan ya tafi? Kamfanin ne yake riƙe shi ya sayar wa masu kuɗi. Da wannan rarar ya yi ƙiba, har Microsoft ya saye shi a 1998 a kan dala miliyan 265. Shafukan musayar ziyara na yau a kan wannan gwadabe suke. Za ka yi rajista, ka saka adireshin shafinka, a riƙa jero maka shafukan mutane kana tsayawa 'yan daƙiƙoƙi a kowanne, kana tara maki. Da makin ake turo maka wasu. Akwai ma wanda ba sai ka taɓa komai ba, ka bar waya ko kwamfuta a kunne tana ta buɗe shafuka da kanta har gari ya waye. Idan ka ƙosa, sai a ce ka sayi makin da kuɗi. A kowane hali mai dandalin bai yi asara ba.

Maganar farko da ake yi ita ce lamba tana hawa. Wannan gaskiya ce. Wanda jiya mutum 12 suka leƙa shafinsa, yau zai iya ganin 800. Amma a tambayi su wane ne 800 ɗin. Mutum ne a wata ƙasa mai nisa wanda bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, idonsa a kan agogon da ke ƙirga daƙiƙa, so yake ya cika ya wuce shafi na gaba. Ko kuma ba mutum ba ne sam, manhaja ce. A ce tela ne a Jama'a ya buɗe shafi don nuna ɗinkinsa: wanda zai kawo masa shadda yana Gwarzo ne, ko Getso, ko Kutama, ko Garo, iyaka dai cikin birnin Kano inda mota za ta kai kaya ta dawo da kuɗi. Baƙo daga Biyetnam ba zai aiko da awo ba. Kowa a dandalin musaya mai sayarwa ne, babu wanda ya shiga don ya saya.

Daga nan sai babbar jita-jitar, wadda ta fi cin matasa masu shafin labarai: wai in ziyara ta yi yawa Google zai biya. Tsarin AdSense, wanda Google ya fito da shi a 2003, shi ne ke saka talla a shafin mutum ya raba kuɗin da shi, kuma ba ya tura wa kowa kuɗi sai sun taru sun kai dala 100. A cikin dokokinsa an ambaci wannan sana'a da sunanta: musayar latsa talla, biyan mutane su kalli shafi, da manhajar da ke buɗe shafuka da kanta, duk an hana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin ba na Google ba ne, na mai talla ne, wanda ya biya don mai saye ya gani. Idan aka gano ziyarar ta bogi ce, sai a zaftare kuɗin a mayar wa mai talla, a taƙaita tallan da ake nunawa a shafin, ko a rufe asusun baki ɗaya. Wanda aka rufe wa asusu saboda wannan laifi ba a cika barin sa ya buɗe wani ba. Abin takaici, sau da yawa rufewar kan zo ne bayan mutum ya yi watanni yana kallon kuɗi na taruwa a allo, har ya fara lissafin babur.

YouTube ma haka. Kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Guruf ɗin "bi ni in bi ka" zai iya cika maka dubun farko. Awa 4,000 fa? Wanda ya bi ka don ka bi shi ba zai zauna ya kalli bidiyonka na minti 10 ba. Ga shi kuma dokar YouTube ta haramta musayar mabiya ƙarara, kuma akwai masu duba tasha kafin a amince da ita.

Wasu kan ce ko ba a samu kuɗi kai tsaye ba, ai yawan ziyara yana ɗaga shafi a sakamakon bincike. A nan akwai ɗan abin dubawa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023 an ji daga bakin jami'an kamfanin cewa yana da tsari mai suna Navboost, wanda ke lura da abin da mutane suke latsawa idan sun yi bincike. Ke nan halin masu ziyara yana da tasiri. Amma baƙon musaya ba ta hanyar bincike ya zo ba, turo shi aka yi, kuma da agogo ya cika ya fice. Ma'aunin da a da ake iya ruɗa da irin wannan cunkoso shi ne jerin Alexa, wanda masu shafi ke nuna wa masu talla don a san matsayinsu. Kamfanin Amazon mai shi ya rufe shi a watan Mayun 2022. Har yanzu za ka ga masu tallan ziyara suna yi maka alkawarin gyara matsayi a ma'aunin da ya riga ya mutu.

A Facebook da TikTok kuwa ana iya cewa lamarin baya yake mayar da mutum. Waɗannan dandali suna auna abin da ka wallafa da yadda waɗanda suka fara gani suka karɓe shi: sun tsaya? sun kalla har ƙarshe? sun tura wa wani? Idan mabiyanka 20,000 ne amma 19,000 ba su san da kai ba, abin da na'ura za ta karanta shi ne kayanka ba sa jan hankali. Shi ya sa ake ganin shafi mai mabiya rututu, amma sharhi uku ne a ƙarƙashin kowane hoto, biyu daga ciki na ƙannen mai shafin. Masu ba da talla na gaske sun daɗe da gane wannan, sharhi suke dubawa kafin lamba.

"Ba za a gane ba." Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. A Disambar 2014 Instagram ya share asusun bogi, mawaƙi Justin Bieber ya wayi gari babu mabiya kusan miliyan 3.5. A Yulin 2018 Twitter ya yi nasa sharar, Barack Obama ya rasa sama da miliyan 2. A 2017 'yan sandan Tailan sun kama wasu 'yan Sin uku a wani gida kusa da iyakar Kambodiya, da wayoyi sama da 400 a jere da layukan waya sama da 300,000, aikinsu ƙirƙirar kallo da so na ƙarya. Kamfanonin da suka san da irin waɗannan gidaje ba guruf ɗin mutum 200 ne zai ɓace musu ba.

Inda abin ya fi muni shi ne lokacin da musayar ta rikiɗe ta koma "kalli talla a biya ka". Wannan ita ce ke shiga gidaje, har matan aure a yi musu tayin ta a matsayin sana'ar cikin ɗaki. Asalinta ma akwai wanda ya gwada da gaskiya: AllAdvantage ya fara biyan mutane a 1999 don su bar talla a allon kwamfutarsu, kuɗin masu talla bai isa ba, ya rufe a farkon 2001. Waɗanda suka biyo baya sun gane cewa talla ba za ta iya biyan kowa ba, sai suka koma biyan tsofaffi da kuɗin sababbi. A 2006 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta tsayar da 12DailyPro, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 12 cikin 100 kullum har kwana 12 ga wanda zai kalli shafuka 12 a rana, bayan ya tara sama da dala miliyan 50. AdSurfDaily ya biyo baya, aka ƙwace dukiyarsa a 2008, mai shi Andy Bowdoin ya tafi gidan yari.

Wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne Traffic Monsoon, domin shi da sunan musayar ziyara tsantsa ya zo. Wani Charles Scoville ne ya kafa shi a jihar Utah a 2014. Za ka sayi ƙunshin talla a kan dala 50, a yi maka alkawarin baƙi 1,000 zuwa shafinka, sannan in kana latsa tallace-tallace kaɗan kullum, a mayar maka da dala 55. Mutane da yawa ba su ma da shafin da za su tallata, ribar dala 5 ɗin suke bi, suna mayar da uwa da riba suna ƙara sayen ƙunshi. Da hukumar kula da hannayen jarin ta shigar da ƙara a Yulin 2016, ta ce kamfanin ya karɓi dala miliyan 207 daga mutum sama da 162,000, kusan kashi 90 cikin 100 daga wajen Amurka, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga sayar da ƙunshin ne, ba daga wani mai talla na waje ba. Latsa tallan ado ne kawai, don mutum ya ji kamar ya yi aiki ya ci guminsa. Mu da muka ga MMM ta daskare a Disambar 2016, muka kuma ga CBEX ta kife a Afrilun 2025, bai kamata sabuwar riga ta ruɗe mu ba. Alamar ɗaya ce: in sai ka biya kuɗin rajista ko na "ƙarin matsayi" kafin ka cire abin da aka ce ka samu, ko kuma sai ka kawo mutane, to kuɗinka ne ribar. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Najeriya a 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan. Mai jawo 'yan uwa da abokai don ya ci la'ada shi ma ya yi tunani.

Ko wanda aka ce kyauta ne, ba kyauta ba ne. Data ake ƙonawa, ga shi tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. A ƙauyen da sai an kai waya shagon caji an biya, barin ta tana buɗe shafuka dare guda asara biyu ce. Manhajojin da ke alkawarin so da mabiya kuma sukan nemi lambar sirrin asusunka. A 2018 Instagram ya fara aika wa masu amfani da su saƙo cewa su sauya lambar sirri. Wanda ya miƙa makullin asusunsa kada ya yi mamaki in wata rana 'yan uwansa suka fara samun saƙon neman rance da sunansa.

Saura masu cewa ai ba a cuci kowa ba, lamba ce kawai. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kara a kasuwar Getso ya san mutumin da zai zo ya taya sa da tsada alhali ba saye zai yi ba, don kawai baƙon da ke gefe ya ɗauka dabbar ta kai haka. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashu, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mabiyan bogi aikinsu ke nan: su sa mai talla ko mai saye ya ga daraja inda babu. Hukuncin kowane yanayi na malamai ne, amma kamanceceniyar ta fito fili. Hukumomin duniya ma sun fara kallon abin a matsayin zamba. Bayan jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Devumi mai sayar da mabiya a 2018, hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci mai shi tarar dala miliyan 2.5 a 2019, kuma a 2024 ta kafa doka da ta haramta saye da sayar da mabiya ko kallo na bogi don kasuwanci.

Akwai musaya ɗaya da ke da ƙamshin gaskiya, ita ce ta ajiye lamba a WhatsApp. Ba mai ganin abin da ka ɗora a sitatus ɗinka sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka, don haka "ajiye ni in ajiye ka" yana ƙara masu kallo na haƙiƙa. Amma fayil ɗin lambobi 3,000 da ake rabawa a guruf, na mutanen Legas da Fatakwal waɗanda kowannensu shi ma talla yake yi, ba zai sayar wa mai turaren wuta a Kabo ko kwalba ɗaya ba, ga kuma lambarta ta faɗa hannun wanda ba ta sani ba. Abin da ke aiki shi ne wanda aka yi tsakanin masu sana'a da suke da abokan ciniki iri ɗaya a yanki ɗaya. Mai ɗinki ta ɗora kayan mai lalle, mai lalle ta ɗora na mai ɗinki, domin amaryar da ke neman ɗaya tana neman ɗayan. Mai gyaran waya a tashar Gwarzo ya ambaci mai sayar da caja na kusa da shi. Mai 'yan kuɗi kaɗan kuma zai iya biyan Facebook kai tsaye ya zaɓi a nuna tallansa ga mazauna kewayen Gwarzo ko Kano kaɗai, ya ƙirga mutum nawa suka kira shi a mako, ya kwatanta da abin da ya kashe.