Sansanin Hutu Mai Koya wa Matasa Sulhu

A shekarar 1993 wani ɗan jarida Ba'amurke, John Wallach, ya kafa sansanin hutu mai suna Seeds of Peace a jihar Maine, inda ya tara matasa 46 daga Isra'ila da Falasɗinu da Masar don su koyi tattaunawa.

Shin zama tare kaɗai yana kashe gaba? A'a. A 1954 masanin halayyar ɗan'adam Muzafer Sherif ya raba yara 22 gida biyu a Oklahoma. Gasa ta haddasa ƙiyayya, kuma cin abinci tare bai kashe ta ba. Sai da suka haɗu kan ayyuka irin su gyara hanyar ruwan sha sannan ta lafa.

Saboda haka, malamai, ku ba ɗalibai masu gaba aikin da ba ya yiwuwa sai da haɗin gwiwa.