Zuba Jari a Kamfani Ɗaya Domin Rabon Riba

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Idan kamfanin ya ci riba, shugabanninsa kan ware wani kaso su raba wa masu hannun jari, bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100. Jama'ar ƙasar nan sun fara shiga wannan harka da yawa ne bayan dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari.

Akwai masu tattara dukiyarsu a kamfani ɗaya ko biyu da suka yi suna wajen biyan riba mai tsoka. Dabarar tana da amfaninta. Mai kamfani biyu yana iya karanta rahotonsu na shekara, ya san inda aka dosa, abin da mai kamfani talatin ba zai iya ba. In kuma zaɓensa ya dace, rabonsa zai fi na wanda ya warwatsa kuɗinsa.

To, amma mutumin Lamorde, wanda ya tashi kusa da babbar kasuwar shanu ta Mubi, ba ya bukatar dogon bayani kan haɗarin. Hannun jari saniya ce, rabon riba kuwa nononta. Lokacin da ciwon bushiya ya auka wa arewacin Nijeriya a 1983, makiyayin da cutar ta shiga garkensa ya rasa nonon, ya kuma rasa shanun.

Haka ta faru ga masu jarin bankuna. Bayan da aka umarci kowane banki ya tara jarin Naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka yi rububin saye, wasu har da bashi. Daga watan Maris na 2008 farashi ya soma zubewa. A watan Agusta na 2009 Babban Bankin Nijeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar, ciki har da Afribank da Oceanic da Intercontinental. A 2011 aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, amma takardun masu hannun jari suka zama ba su da daraja. Wanda ya sayi jarin bankuna huɗu yana zaton ya rarraba dukiyarsa, ashe duk a garke ɗaya ya tara ta.

Ya kamata jama'a su sani cewa rabon riba ba albashi ba ne. Kamfani na da ikon rage shi ko dakatar da shi. Haka kuma inshorar hukumar NDIC ta masu ajiya ce, ba ta shafi hannun jari ba. In aka rushe kamfani, sai an sallami masu binsa bashi tukuna kafin a waiwayi masu hannun jari, in akwai saura.